Mutumin da Ya Amsa Lambar Babana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Ya kuma dawo da ni, ni Asabe da ko kasuwar Rano ba na ci sai ta kama dole. Duk wanda ya san ni ya san ni da zaman tsakar gida da surutu. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, saboda haka wanda ya ga rubutun ya karkace sai ya yi haƙuri, yadda nake magana haka nake rubutawa.

Shekara uku bayan samun mulkin kai muka sauke farali, ni da maigidana Malam Isa tela. Kowa a ayarinmu aikin hajji kaɗai ya kai shi. Ni kuwa har da saƙon Inna.

Babana soja ne. Ya je yaƙin Bama ya dawo da ransa, amma wata biyar kawai ya yi a gida. Ba ya hira, ba ya zama cikin taro. Ran nan ya ce zai tafi Gabas a ƙasa, ya je ya wanke abin da idonsa ya gani. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin. Shekara goma sha shida ke nan, ba shi, ba wasiƙa, ba wanda ya ce ya gan shi. Dangi sun yi sun yi da Inna ta je gaban alkali a raba auren, ta ƙi. Ita ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Da za mu taso ta kira ni ɗaki. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana.

“Ke 'yar nan, ba tsaraba nake so ba. Magana ɗaya za ki zo mini da ita. Yana raye ko ya mutu.”

Ta ɗaura mini wani abu a wuya, ɗinke cikin fata kamar laya. Ɗan faifan da sojoji ke ratayawa ne, Baba ya bar shi a ɗakinta. Ni dai na ɗauke shi abin tsari, ban san yana da wani amfani ba.

Wahalar mota daga Kano zuwa Sawakin, bakin teku a Sudan, ba zan faɗe ta ba, don in na fara sai takarda ta ƙare. Jirgin ruwa ne ya gwada mini iyakata. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi rafin garinmu ba, ga ruwa gabas, ga ruwa yamma, kuma ba mai shayuwa ba. Na yi amai har na ga kore. Wata Bafulatana da ba ma jin yaren juna ta riƙe mini kai tun daga wannan gaɓa har waccan, tana jiƙa gefen mayafinta tana goge mini baki. Ko sunanta ban sani ba. Allah Ya saka mata.

A Jidda na fara sakin baki, kuma ban rufe shi ba sai da na dawo gida. Ka ga mutum baƙi wuluk, da zanen Katsinawa a kumatu, ka gaishe shi da Hausa, ya amsa maka rabi Hausa rabi Larabci. Ka ga 'ya'yansa, su ko rabin ma babu. Waɗannan su ake kira Takari, mutanenmu da suka zo hajji suka zauna. Na ce a raina, to a cikin waɗannan Baba yake.

Allah Ya yafe mini, hajjina rabinsa kallon fuskoki ne. A Arfa mutane na kuka suna roƙon gafara, ni ina leƙen duk dattijon da ya gifta. A Mina haka. Duk wanda na ji yana Hausa sai in tare shi: “Don Allah baba, ka san wani Audu Rano, tsohon soja?” Sunan da ban taɓa faɗa ba tun da aka haife ni, sai ga shi ina tallarsa a titi kamar mai sayar da goro.

Tallar ce ta jawo mini macuci. Bayan mun dawo Makka wani mutum ya zo masaukinmu da farar jallabiya sol, da carbi mai tsawo. Ya dafa ƙirji.

“Audu Rano? La ilaha illallahu. Aminina! Da hannuna na sa shi a kabari.”

Ya kai mu bakin maƙabarta. Mata ba sa shiga, sai ya nuna mini ta saman katanga, can wajen wani dutse. Ya ce a ba da sadakar masu karatu. Malam ya ba shi abin da ya sawwaƙa, ni kuma na kwance zanen saƙin da na zo da shi don ranar komawa gida na miƙa masa. Kwana biyu ina kuka. Rana ta uku wata 'yar Haɗeja da muke ɗaki ɗaya ta ce in kwatanta mata mutumin. Ina kwatantawa tana tafa hannu.

“Mai haƙorin azurfa? Ai jiya ya nuna mini wana a gindin dutsen nan! Ko tare aka binne su?”

Ta ce ita ma sai daga baya aka gaya mata kaburburan garin ba su da suna ba su da alama. Na zauna daɓas. A garin Ɗakin Allah! Mutum ya kalli Ka'aba da safe, da rana ya sayar maka da gawar ubanka! Na ce wa Malam ni gida nake so. Kewar Rano ta taso mini, har ƙarar turmin maƙwabta nake ji a kunnena.

Hanci ne ya cece ni. Muna wucewa ta Mansur, unguwar da mutanenmu suka fi yawa, sai na ji ƙanshin daddawa. Na tsaya cak. Na bi ƙanshin har cikin wani lungu, na tarar da wata dattijuwa tana suyar waina, ga miyar taushe a gefe. Hajiya Kubura ke nan, Bazazzagiya, shekararta talatin a can. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, “Ya binti, zauna. Wannan idon na mai kewar gida ne.” Ta zuba mini, ta ƙi karɓar komai. Ina ci ina hawaye ina ba ta labari, don ni ba a tambayata sau biyu.

Da na kai ƙarshe ta ajiye cokalin juyi.

“Ke miskina, wa ya ce miki ana neman soja da suna? Soja lamba gare shi. Tashi mu je wajen Saje Bawa, shi ke riƙe da daftarin mazan jiya.”

Saje Bawa gyaran risho yake yi a wata rumfa ta kwano. Dogo ne, ya tsufa, amma in ya miƙe kamar an sa masa sanda a baya. Ashe tsofaffin sojojinmu da suka zauna a Makka suna da ƙungiya. Duk Juma'a bayan la'asar suna haɗuwa a kira lamba, a san wanda ke nan da wanda ba ya nan. In ɗaya ya kwanta a duba shi, in ya mutu su ne masu ɗaukarsa. Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin benci, ya fito da wani babban littafi naɗe cikin tsumma. Malam ya faɗa masa sunan.

Saje ya yi dariya. “Alhaji, Audu Rano huɗu gare ni. Garba Kano kuwa sun fi goma. A soja, inda aka ɗauke ka nan ne garinku. Akwai Musa Zariya a nan, ko Hausa bai iya ba sai a bariki ya koya. Ba ku da lambarsa?”

Muka dubi juna. Hajiya Kubura ce ta nuna wuyana. “Wannan fa?”

Malam ya karɓi reza ya farke ɗinkin Inna. Saje ya kai faifan kusa da ido, ya karanta, ya shiga bin littafin da yatsa. Na leƙa. Kowane layi lamba ce da boko, sai suna da ajami, da bataliyar mutum, da unguwar da yake zaune, da sana'arsa. Wasu layukan an ja musu jan alƙalami daga farko har ƙarshe, an rubuta inda aka binne su. Ina ta addu'a ban ma san me nake roƙo ba, jan layi ko babu.

Yatsan ya tsaya.

“Ɗari huɗu da bakwai,” in ji shi, don da ƙarshen lamba suke kiran juna. “Ai wannan namu ne. Yana nan da ransa, 'yata. Ga-ruwa yake yi a bayan dutsen can. Matarsa ɗaya, 'ya'ya huɗu. Jibi Juma'a za ki gan shi.”

Shekaranjiya an binne mini uba, yau an tashe shi, har da 'ya'ya huɗu. Murna ta zo, ba ta daɗe ba wani abu ya ture ta. Wato yana nan yana cin abinci yana ƙoshi, alhazan Rano na zuwa duk shekara suna komawa, bai iya cewa a gai da mutanen gida ba? Inna na can ta tsufa a bakin ƙofa? Kwana biyun nan na shirya maganganu iri-iri. In shirya mai zafi, in tuna uba ne, in sauke. In shirya mai sanyi, in tuna Inna, in ƙara mata barkono. Malam ya ce, “Ke dai ki durƙusa ki gaishe shi tukuna.”

Ranar Juma'a aka ajiye ni da Hajiya Kubura a bayan asabari, a gefen rumfar, don zaman na maza ne. Saje ya ce kada in fito sai an gama kira, kuma bai gaya wa kowa zuwana ba. Ta tsakanin karan asabarin ina hango su, dattawa wajen ashirin, wani ba hannu, wani da sanda. Amma da Saje ya buɗe littafi sai kowa ya gyara zama. Yana kiran lamba, mai ita na amsawa, “Ina nan, Saje!” Wani ya amsa a makare aka ce masa ko a Bama haka ya riƙa makara shi ya sa harsashi bai same shi ba. Aka yi dariya.

“Ɗari huɗu da bakwai!”

“Ina nan, Saje.”

Na kama hannun Hajiya Kubura. Babana yana da i'ina. Kafin ya ce “ina” sai ya yi ta fama da ita kamar mai tura jaki a laka, har yara na yi masa dariya a ɓoye. Wannan murya kuwa ta fito sumul, siririya, ba ta taɓa sanin i'ina ba. Karatu ne ba ni da shi, amma kunnena ba ya mantuwa. Muryar da na ji sau ɗaya ina gane ta bayan shekara goma, balle wadda ta yi mini kiran sallar asuba tun ina rarrafe.

“Ba shi ba ne,” na ce.

“Haba binti, shekara goma sha shida fa. Tsufa na sauya murya.”

“Hajiya, ba shi ba ne.”

Ban jira an gama ba. Na ɗaga asabarin na fito tsakiyar maza, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Saje ya ɗaure fuska, sannan ya saki, ya nuna wani ɗan gajeren mutum da kafaɗunsa suka yi kanta saboda sandar ruwa.

“Audu, ga 'yarka daga Rano.”

Na dube shi. Babana 'yar baka gare shi, layi uku a kowane gefen baki irin namu. Wannan kuwa zanen Gobirawa ne tun daga baki har kunne. Ya miƙe.

“Sannu da zuwa, ɗiyata,” ya ce.

“Ni ba ɗiyarka ba ce. Baba, don girman Ɗakin da ke bayanka, ina mai lambar nan?”

Mutumin ya dubi Saje, ya dubi hanya, kamar zai gudu. Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Sunansa Nomau. Bai taɓa sa kakin soja ba ko na yini ɗaya. A kan iyakar Sudan suka haɗu da Baba, suka zama abokan tafiya, suna tsayawa suna aikin gona a samu guzuri a ƙara gaba. Shi ba shi da takarda ko ɗaya, kullum a ɓoye yake ƙetare gari. Baba kuwa yana da littafin sallama na soja, duk inda ya nuna shi sai a buɗe masa hanya har da sara masa. Kafin su kai babban kogi zazzaɓi ya kama Baba a wani ƙauye, da damina. Kwana shida ya yi.

“Ni na yi mai wanka,” in ji shi, da irin Hausarsu. “Ni da manoma ukku munka yi mai salla. Wallahi ban bar shi ba sai da ƙasa ta rufe shi.”

Wato ko shekara Baba bai yi da barin gida ba. Ko Makkan bai gani ba. Duk fuskokin da na bi ina leƙe a Arfa, ashe yana can baya, a hanyar da motarmu ta bi ta wuce ina gyangyaɗi.

Na ce, “Shi ya ba ka littafin?”

Ya ce, “Bai ba ni ba. Ɗauka na yi.”

“To don me ba ka aiko gida ba? Ga sunan garin a rubuce!”

“In na aika a ce Audu ya mutu, ni wa ni ke? Da sunan nan anka ba ni iƙama, takardar zama. Da shi na yi aure. Da shi ɗiyana ka amsawa.”

Saje Bawa ya miƙe, littafin a hannunsa. Ban taɓa ganin tsoho ya fusata haka ba.

“Shekara goma sha huɗu kana amsa lambar mamaci a gabana! Mu muna ta ba da labarin daji da ruwan Bama, kai ka yi shiru, muna cewa a ƙyale shi, abin da ya gani ne ya ɗaure masa harshe. Ashe ba abin da ka gani!”

Mai hannu ɗaya ya ce, “Ni na kawo shi. Na ga littafin a hannunsa a bakin famfo, na ce ɗan'uwa zo ga 'yan'uwanka. Ya faɗi lamba ba gargada. Wa zai duba fuskar mutumin da ya san lambarsa?”

Wasu suka ce a kai shi ga hukuma. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: a ƙwace takardarsa, a sa shi a jirgi, 'ya'ya huɗu su tashi ba uba ba suna. Saje ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juyo gare ni.

“'Yata, haƙƙin naku ne. Me kike so?”

Ina kallon mutumin nan. Shi ya sa uwata zaman shekara goma sha shida. Shi ne kuma ya zauna da ubana kwana shida a ƙasar da ba wanda ya san shi. Na rasa inda zan ajiye shi a zuciyata, kuma har yau ban samu ba. Na tambaye shi ko Baba ya bar wata magana. Ya ce yawanci ruwa yake nema. Amma ana gobe zai rasu an yi ruwan sama, ya saurara, ya ce yanzu a Rano ma an yi shuka, ko wa ya shuka masa gonar bakin rafi. Ya ce da ƙyar maganar ta fito, saboda i'ina. A nan na tabbata ya san Baba.

Na ce wa Saje, “Baba Saje, ni ba kamun mutum aka aiko ni ba. A rubuta mini gaskiya in kai wa uwata.”

Ya aika aka kawo jan alƙalami. A gabana ya ja layi a kan lambar, daga farko har ƙarshe, ya tambayi Nomau sunan ƙauyen ya rubuta a gefe. Dattawan nan duka suka miƙe tsaye, har mai sanda, aka yi wa Baba addu'a. Sannan ya rubuta wata takarda daban, Nomau ya dangwala yatsa, mutum biyu suka sa hannu a matsayin shaidu. Ya ce wa Nomau, “Daga yau ba ka cikin kira. Abin da ke tsakaninka da hukuma, kai da Allah. Amma ran da ka mutu za mu ɗauke ka, don ka wanke namu.”

Hajiya Kubura ta raka mu har bakin titi, ta cusa mini ƙullin dabino. Ta ce, “Ma'alesh, binti, sai haƙuri. Da yawa sun zo neman nasu, ko jan layin ba su samu ba.”

Muka iso Rano ana gab da girbi. Gida ya cika da 'yan barka da zuwa, ana ta Hajiya, Hajiya, ana neman zamzam. Inna ba ta tambaye ni komai ba sai da mutane suka ragu. Na shiga ɗakinta na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “An yi masa salla?” Na ce an yi, mutum huɗu. Ta ce, “Alhamdu lillahi.”

Washegari aka kira limamin unguwa ya karanta takardar Saje a zaure, kawunnaina na zaune. Ya gama, ya yi addu'a, sannan ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga bayan ƙofa. Ya ce tunda ga shaida an san lokacin rasuwar, to daga ranar ake lissafi. Takabarta ta fita tun shekara goma sha biyar da suka wuce, ba abin da ya rage a kanta.

Can sai muryar Inna, ita da ba ta taɓa mayar wa malami magana ba.

“Allah Ya gafarta Malam. A littafinku ta fita. A ɗakina ba ta shiga ba tukuna.”

Ta kira ni ciki. Na tarar ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan faifai, ta zauna a tabarma ta juya mini baya.

“Ke 'yar nan, zo ki tsefe mini kai.”

Na durƙusa na fara tsifa. Wata huɗu da kwana goma ta yi, ba ta rage ko yini ɗaya ba.